Faɗi-Tashin Masu Tallata Haja Bisa Kamasho Da Nauyin Da Ya Rataya A Wuyanmu

Duk wanda yake cin kasuwannin mako-mako na yankinmu, irin ta Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a, ya saba ganin samari da 'yan mata sanye da riguna masu tambarin kamfani suna bin rumfa-rumfa. Wani yana riƙe da lasifika yana yabon maganin feshi, wani ya baza fitilun sola a kan tabarma, wata kuma tana lallashin mai shago ya karɓi na'urar POS ko ya buɗe asusun ajiya ta wayar salula. Jama'a da dama suna yi musu kallon ma'aikatan kamfani waɗanda albashi ke jiransu a ƙarshen wata. Alhali kuwa da yawa daga cikinsu babu sunansu a takardar albashin kowa. Masu talla ne masu zaman kansu, waɗanda ake biya kamasho gwargwadon abin da suka sayar ko adadin mutanen da suka kawo, ranar da ba su yi ciniki ba kuwa su koma gida da gajiya kaɗai.

Mun ga ya dace mu yi nazarin wannan sana'a a wannan shafi domin tana cikin 'yan ƙofofin da suka rage a buɗe ga matashin karkara wanda ya gama sakandare ko kwaleji, bai sami aikin gwamnati ba, kuma ba shi da jarin buɗe shago. Abin da nazarin ya nuna mana shi ne, samun aikin bai kai cin moriyarsa wuya ba, kuma tushen matsalar shi ne sabon dillanci ya shigo mana ba tare da ƙa'idojin da suka tsare tsohon dillanci ba.

Yana da kyau mu fara da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, domin jami'anmu su fahimci inda waɗannan matasa suke a lissafin hukuma. Hukumar ta ce a ƙarshen shekarar 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A shekarar 2023 ta sauya tsarin lissafinta, ta koma ɗaukar duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya kacal a mako a matsayin mai aikin yi, sai adadin ya sauko zuwa kashi 4.1 a watanni ukun farko na wannan shekarar. Rahotanninta na 2024 kuma sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan suna cikin ayyukan da ba su da tsarin hukuma, fiye da kashi 80 kuma kansu suke yi wa aiki. Ke nan yaron da ya yini a rana yana tallan katin waya ya sami naira 500, a takarda mai aiki ne, ko da yake abin da ya samu bai isa kuɗin motar komawa ƙauyensu ba.

Tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa

Haɗa mai kaya da mai saye a karɓi lada ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro suna sauka ne a zango wurin mai masauki, shi yake nema musu masu saye, ya tsaya musu a kan bashi, ya karɓi rabonsa. A kara, dillalin shanu ne yake tsakanin makiyayi da mahauci. A cikin gidaje, dillaliya ce take kai wa matan aure zannuwa da kwanuka da kayan ɗaki, ta karɓo kuɗi ta cire la'adarta. Da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa ba su iya shiga ƙauyuka da kansu ba, sai suka dogara da wakilai 'yan ƙasa, su kuma wakilan suka baza yaransu a kasuwannin karkara. Marigayi Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka shahara a wannan wakilci, kuma tsarin sayen amfanin gona ta hannun wakilai masu lasisi ya ci gaba har aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986.

Abin lura a nan shi ne abubuwan da suka riƙe wancan dillanci bai watse ba. La'ada sananniya ce tun kafin a sallama, kowa ya san abin da ake cirewa a kan sa ko a kan buhu. Dillali sananne ne, an san gidansu da iyayensa, saboda haka ba shi da inda zai gudu idan ya ci amana, haka shi ma mai kaya ba ya iya hana shi haƙƙinsa a ɓoye. Sannan akwai sarkin kasuwa da sarkin dillalai waɗanda ake kai wa ƙara nan take, su yanke hukunci kafin kasuwa ta tashi. Malamanmu na fiƙihu ma sun yi bayanin halaccin biyan mutum lada idan ya kammala wani aiki, wanda suke kira ju'ala, da sharaɗin a san ladan tun farko, kuma aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa masa shaidu.

Mai tallan zamani kuwa sau da yawa bai taɓa ganin mai kamfanin da yake yi wa aiki ba. Kamfanin yana Legas, babban dilansa yana Kano ko Kaduna, ƙaramin dila yana hedikwatar ƙaramar hukuma, shi kuma yaron yana can ƙarshen layi. Ta waya aka ɗauke shi, ta waya ake gaya masa an rage kamasho, ta waya kuma ake sallamarsa.

Ƙofofin da zamani ya buɗe

Ba za a yi adalci ba idan ba a ambaci alherin da sana'ar ta kawo ba. Da aka fara wayar salula ta GSM a watan Agusta na 2001, layi ɗaya ya kai kimanin naira 20,000, kuma sai mai hali yake riƙe waya. Cikin 'yan shekaru, musamman bayan shigowar kamfanin Glo a 2003, farashi ya faɗi, sai dubban matasa suka sami abin yi a ƙarƙashin lema suna sayar da kati da kiran waya. A 2011 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fara rajistar layuka, aka ɗauki wasu dubban suna yawo da na'ura ƙauye-ƙauye ana biyan su a kan kowane layi. A 2012 shirin gwamnatin tarayya na raba takin zamani da iri ta saƙon waya ya sa dilolin kayan noma suka yawaita a karkara, kowannensu kuma yana buƙatar yaran da za su kai masa manoma. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilcin banki, wanda shi ne asalin rumfunan POS da muke gani yanzu har a garuruwan da ba su taɓa samun reshen banki ba.

Bayan waɗannan sai intanet ta zo da nata. Matar aure tana ɗakinta tana ɗora hotunan atamfa da turaren wuta da kayan kicin a WhatsApp ko Facebook, kayan suna shagon wani a Kantin Kwari, idan an saya ta ɗora ribarta a kai, a aika da kayan ta tasha. Wannan ita ce dillaliyar zamani, kuma mata da yawa sun tallafi gidajensu ta wannan hanya ba tare da sun fita ba. Haka nan matashin da ya iya karatu da rubutu ta waya yana iya karɓar kwangilar tallata kayan wani mai masana'anta a dandalin sada zumunta, a biya shi a wata ko a kan kowane ciniki.

Amfanin da ya fi kowanne shi ne, sana'ar makaranta ce ta kasuwanci wadda ba a biyan kuɗin shiga. Mai talla yana koyon magana da mutane, da sanin abin da kowane gari yake buƙata, da gane wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Akwai diloli a garuruwanmu waɗanda da jakar goyo suka fara, suka tara amincin jama'a har kamfani ya ba su wakilcin yanki. Kamfanoni kuma suna ƙara karkata ga wannan tsari. A 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Nijeriya ya koma sayarwa ta hannun masu rarrabawa, kamfanin Procter & Gamble ma ya sanar da komawa shigo da kaya daga waje maimakon sarrafa su a nan. Duk lokacin da babban kamfani ya rage ma'aikatansa na dindindin, aikin kai kaya ga mai saye yana komawa hannun diloli da masu kamasho.

Yadda ake samun aikin da yadda ake biya

Mafi akasari ba a tallata irin wannan aiki a jarida ko rediyo. Ta hannun sanayya ake samunsa, wato wani ya kai ƙaninsa wurin dila, ko a ga sanarwa a zauren WhatsApp. Abin da aka saba nema shi ne waya mai intanet, da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN, da wani babba da zai tsaya wa mutum, wani lokaci kuma da kuɗin ajiya a madadin kayan da za a ba shi. A nan ne ɗan talaka na ƙauye yake fara cin karo da shinge, domin wayar kanta jari ce, wanda zai sa masa hannu kuma sai an yi dace.

Biyan kuma iri-iri ne. Akwai kamasho a kan kuɗin abin da aka sayar. Akwai biya a kan kowane mutum da aka yi wa rajista, amma sau da yawa da sharaɗin sai mutumin ya yi amfani da layin ko asusun na wani lokaci, abin da ba ya hannun mai talla. Akwai kuɗin yini na yawon talla da mota da kiɗa, wanda kwana biyu ne ko uku a ƙare. Akwai kuma ɗan alawus na wata wanda aka ɗaure da adadi, idan an ce a sayar da guda 50 aka sayar da 45, sai alawus ɗin ya tafi baki ɗaya.

Bari mu yi lissafi a matsayin misali kawai. A ce an yi da yaro zai sami kashi 5 cikin 100, ya ci kasuwa uku a mako ya sayar da kayan naira 200,000. Kamashonsa ya zama naira 10,000. Idan kuɗin mota zuwa da dawowa da dakon kaya ya ci naira 4,500, abinci ya ci 1,500, kati da data 1,000, tikitin kasuwa 500, abin da ya rage masa naira 2,500 ne a mako. Idan kuwa a cikin makon mutum ɗaya ya karɓi kayan naira 8,000 bashi bai biya ba, dila daga kamashon yaron zai cire, ya zama ya yi aikin mako uku a banza. Wannan shi ne sirrin da ya sa tsarin yake yi wa mai kaya daɗi: kuɗin mota da asarar bashi da ɓata lokaci duk suna wuyan mai talla, shi kuwa ba ya biya sai kuɗinsa sun shigo.

Kaka da rani

Aljihun mai tallan karkara yana bin aljihun manomi ne. Da kaka, idan gero da wake da riɗi suka shigo, kasuwa takan buɗe, a sayi waya da rediyo da fitilar sola da kayan aure. Haka ma gabanin Ƙaramar Salla da Babba. Da bazara kasuwar iri da taki da maganin ciyawa takan tashi, sai dai lokacin ne hannun manomi ya bushe, saboda haka yawancin cinikin bashi ne zuwa kaka. Tsakiyar damina kuwa, a watannin Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, hanyoyi sun lalace, kowa yana gona, mai talla sai ya yi mako bai ga abin kirki ba. Wanda bai yi tanadi da kaka ba, a wannan lokaci ne yake taɓa kuɗin mai kaya da niyyar zai mayar, daga nan kuma rigima take farawa har ta kai ga ofishin 'yan sanda.

Idan sama ta motsa

Bayan sauyin yanayi akwai sauyin manufofi da matsalar tsaro, waɗanda suka sha dakatar da sana'ar dare ɗaya. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sun rage masu saye a kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Jibiya da Illela. A Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta dakatar da sayar da sababbin layukan waya domin haɗa su da lambar NIN, ba a dawo ba sai a watan Afrilun 2021, masu rajistar layi suka yi wata huɗu a zaune. A watan Satumba na 2021 aka katse sabis ɗin waya a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako da taƙaita hawa babur a wurare da dama. Matakai ne da aka ɗauka domin ceton rayuka, amma mai POS da mai tallan intanet a waɗannan wurare sun rasa abin yi gaba ɗaya.

Sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da aka sanar a Oktoban 2022 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023. Wasu masu POS sun sami kuɗi a lokacin ta hanyar tsawwala caji, abin da ya zubar da ƙimar sana'ar a idon jama'a, amma masu tallan kaya sun ga tasku, domin manomi yana da kuɗi a asusu ba shi da su a hannu. Sai kuma cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 nan take, har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Ma'aikacin gwamnati ya sami ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, amma wannan doka ba ta shafi wanda ake biya kamasho ba. Kuɗin motarsa ya ninka, masu sayensa sun ragu, kason da ake ba shi kuwa yana nan inda yake.

A ɓangaren wakilcin banki ma ƙa'idoji sun ƙara tsauri. A 2024 an umarci masu POS su yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, kuma a Disambar wannan shekarar Babban Banki ya ƙayyade naira 100,000 a matsayin abin da mutum ɗaya zai iya cira a rana a wurin wakili. Manufar ita ce toshe kafar masu zamba da masu karɓar kuɗin fansa, sai dai wajibi ne wanda zai shiga sana'ar ya san da ita tun kafin ya ci bashi ya sayi na'ura.

Tarkon da aka ɗana wa masu neman aiki

Yunwar aiki ta sa 'yan damfara sun mayar da kalmar talla abin farauta. Akwai masu kiran matasa taro a otal, su ce kowa ya biya kuɗin fom da na horo, daga ƙarshe a ba shi kwalaben wani magani da aka ce yana warkar da kowace cuta, a ce ya sayar wa danginsa kuma ya kawo mutum uku su ma su biya. Akwai kuma masu neman wakilai domin tara kuɗin jama'a da alƙawarin riba ninki cikin wata guda. Mun ga yadda MMM ta rufe a Disambar 2016, muka ga yadda CBEX ta rushe a Afrilun 2025 da dukiyar mutane masu yawa. A kowanne, masu abin sun ɓace, wanda ya rage a gari shi ne yaron da ya shiga gida-gida yana rantsuwa cewa abin gaskiya ne. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan harka da masu tallata ta. Alamar gane ta mai sauƙi ce: duk aikin da ladansa ya dogara da kawo mutane su zuba kuɗi, ba da sayar da wani kaya mai amfani ba, a guje shi.

Haɗari na biyu shi ne jabun kaya. Matashin da ya sayar wa manoman garinsu gurɓataccen taki ko irin da bai tsiro ba, ya jawo musu asarar damina guda, shi kuma ya yi asarar abin da ya fi kamasho daraja, wato yardar mutanensa. Tun 2019 akwai dokar kula da ingancin takin zamani da kuma dokar hukumar kula da irin shuka, waɗanda suka wajabta rajista ga masu wannan kasuwanci. Magungunan mutane da na feshi kuma dole su kasance da lambar hukumar NAFDAC, sannan yawon tallan magungunan mutane a kasuwa da tasha da cikin mota haramun ne a doka.

Ina doka ta tsaya?

Dokar ƙwadago ta ƙasa ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku. Amma wanda aka ɗauka a matsayin mai zaman kansa ana yi masa kallon ɗan kwangila ne, don haka ba shi da hutu, ba shi da kuɗin sallama, kuma idan ya yi haɗari a kan babur yana kai kaya, jinyarsa tana wuyan iyayensa. Abin da yake kare shi kawai shi ne yarjejeniyar da suka ƙulla, ita kuwa galibi ta baka ce, ba takarda ba shaida. Idan aka hana shi kamashon wata biyu, kuɗin bin haƙƙin zuwa birni ya fi haƙƙin yawa, sai ya bar wa Allah.

Abin da ya kamata a yi

Ga matasanmu, shawararmu ta farko ita ce kada a ɗauki kayan kowa sai an rubuta abubuwa biyar a takarda: nawa ne kamasho, yaushe ake biya, wa yake ɗaukar kuɗin mota, wa yake ɗaukar asarar bashi da kayan da suka lalace, da yadda za a rabu idan an tashi rabuwa. A sa hannu a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Ko saƙon waya ne aka yi yarjejeniyar da shi, a adana shi. A riƙe littafin shiga da fita, a karɓi rasit a kan duk kuɗin da aka miƙa, kuma kada a haɗa kuɗin mai kaya da na aljihu ko na kwana ɗaya ne. A je a ga shago ko ofishin mai kayan ido da ido kafin a ba da ko kwabo. Yana da kyau kuma a haɗa kayan da kasuwarsu ba ta faɗuwa lokaci ɗaya, misali kayan noma da bazara, kayan sola da na gida da kaka, kuma kada a saki gona saboda jakar talla. Daga ribar kaka a shiga adashi ko ƙungiyar gama kai, a kuma bincika tsarin fanshon masu sana'ar kansu da hukumar fansho ta ƙasa ta ƙaddamar a 2019, da shirin taimakekeniyar lafiya na jiha.

Ga iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, duk baƙon da ya zo ɗaukar yaran gari aikin talla ko tara kuɗin jama'a, a nemi ya gabatar da kansa a fada da takardun rajistarsa kafin ya fara. Wannan al'ada ce da muka gada, kuma ita kaɗai tana iya korar rabin 'yan damfara. Limamai kuma su riƙa tunatarwa a kan haƙƙin ɗan ƙwadago da haramcin yabon kaya da ƙarya.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli, tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kula da kasuwanni da tashoshin mota da tallace-tallacen da ake kafawa a fili, saboda haka suna da hurumi a wannan batu. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinsu ba. A buɗe rajistar masu talla da dilolin da suke yi wa aiki a kowace babbar kasuwa, kyauta ko da kuɗi kaɗan, a ba su katin shaida. A taimaka musu su kafa ƙungiya da shugabanci, a zaunar da shugabansu tare da sarkin kasuwa domin sasanta rigimar kamasho da ta bashi a ranar kasuwa. A buga samfurin takardar yarjejeniya da Hausa, shafi ɗaya, a ajiye a sakatariya da ofishin kasuwa. A daidaita tikitin kasuwa ya zama guda ɗaya mai rasit, a hana tare yara a hanya ana karɓar kuɗin da ba ya shiga baitulmali. Sashen aikin gona kuma ya riƙa duba taki da iri da maganin feshin da ake tallatawa tun kafin faɗuwar ruwa, ya kai rahoton jabu ga hukumomin da abin ya shafa. Haka nan idan ana shirya horon sana'o'i tare da hukumomi irin su NDE da SMEDAN, a sa darasin riƙe littafin ciniki da tallan waya a ciki, a kuma ware wa mata nasu zaman.

Ga kamfanoni da diloli, yaron da yake sanye da rigarku shi ne fuskarku a ƙauye. Biyan kamasho a kan lokaci, da sanar da sauyin farashi kafin a aiwatar, da ɗaukar wani kaso na kuɗin mota, sun fi arha a kan ɗaukar sababbin yara duk wata uku waɗanda ba su san kayan ba, jama'a kuma ba su san su ba.

Daga ƙarshe, muna ganin wannan sana'a za ta ci gaba da faɗaɗa muddin kamfanoni suna neman kasuwar karkara ba tare da buɗe rassa ba, kuma muddin makarantunmu suna yaye matasa fiye da guraben aikin albashi. Iyayenmu sun yi dillanci sun gina gidaje sun aurar da 'ya'ya domin la'adarsu sananniya ce, shaidunsu suna kusa, mai raba gardama kuma yana cikin kasuwa. Waɗannan abubuwa uku suna hannunmu, ba sai an jira Abuja ba, kuma ana iya fara su daga ranar kasuwa mai zuwa. Allah Ya sa albarka a neman matasanmu, Ya kare su daga cin haƙƙin wani da kuma a ci nasu.